Da'irar Ba

Wad Madani, hawa na biyu, taga tana kallon kogi.
Fankar sama tana juya zafin da ta kwana da shi.
A allon kwamfutata ƙofar magudanar ruwa ce,
mita uku tsayinta, na matse ta ɗaya bisa hamsin
har ta yarda ta zauna a takarda.

Daga nesa komai lafiya lau.
Sai can ƙasa, kusurwar hagu,
inda roba ke kwanciya cikin kwarmin ƙarfe,
layuka shida sun cunkushe wuri guda,
dukansu ba su kai ƙwayar riɗi ba.

Usta Haliru mai walda ya bugo daga Sinnar:
"'Yar nan, wannan ɗigon aiki ne ko kashin ƙuda?
Tabarau nawa ƙafa ɗaya gare shi,
ɗayar zare ce."

Na ja siririyar da'ira na kewaye ɗigon,
na fitar da kibiya, na raɗa mata suna Ba,
na janyo ta gefen takarda inda ba kowa.
Biyar bisa ɗaya.
Riɗi ya zama faifai.
Ga bakin roba, ga wuyan ƙusa, ga wasa,
ga inda walda za ta zauna kamar ɗinkin wuyan riga.

Injiniya Mujitaba, ranar da na fara aiki,
da biro ya ƙwanƙwasa allon:
"Zane ya kumbura, lamba kada ta bi shi.
Abin da yake takwas, takwas za ki rubuta,
ko da ya cika bango."
Na rubuta takwas.

A nan na kama su,
layi biyu da zan iya rantsuwa sun gaisa.
Ashe hannu suka miƙa, ba su taɓa juna ba.
Milimita biyu.
Ruwa ba ya roƙon fiye da haka.
Zai bi nan duk dare, ɗis, ɗis,
mai gyaɗa a wutsiyar rafi ya fito ran Alhamis da shebur
ya tarar rabonsa ya riga shi tafiya.
Na kamo bakin layin na kai shi ga ɗan'uwansa,
na adana, wuta ta ɗauke.

Na sauka wurin Batula mai jabana,
citta ta yi yawa, ban ce komai ba.
A wayata akwai hoton babana, shi kaɗai ya rage,
yana tsaye bakin rafi, wando naɗe zuwa gwiwa,
mai ɗaukar ya tsaya nesa don ruwa ya shiga.
Akwai tabo a girarsa ta dama, na san akwai.
Na ɗora yatsu biyu na buɗa.
Fuskar ta fashe murabba'i murabba'i,
ruwan ƙasa, toka-toka, baƙi.
Na ƙara buɗawa, har girar ta ɓace.

Layin da na ja a sama, ko sau dubu na ƙara shi,
bakinsa kaifi ne, na'ura ta san farkonsa da ƙarshensa.
Babana kuwa iyakar abin da haske ya ɗiba ran nan.
Batula ta leƙo ta ce, "Wane irin zani ne wannan?"
Na ce babana ne.
Ta ƙara mini kofi ba ta karɓi kuɗi ba.

Wuta ta dawo bayan la'asar.
Na buga takarda, na naɗe, na ba yaron motar Sinnar.
Kwana tara ta dawo da ƙaurin walda,
an ninke ta huɗu, shayi ya taɓa gefenta.
Babban zanen fes yake, ba wanda ya kula shi.
Cikin da'irar Ba kuwa,
babban yatsan Usta Haliru, baƙi ƙirin da gires,
a kan takwas ɗin nan daidai.